Fatalwar ɗakin gero

Yaya Sani na zaune da ƙulu a goshi. Ya ce in ba shi haƙuri, ko in daina kallo a wayarsa.

Jiya muka kalli fim ɗin fatalwa. Na ce matar ciki ta ba ni haushi, ta yar da sandarta ta tsaya ihu. Ya ce, "Ke da ko baƙo ba kya iya gaisarwa?"

Yau da rana na shiga ɗakin gero riƙe da muciya, sai ga abu lulluɓe da farin zane. Na sauke masa ita.

Inna ta ce, "Yayanki ne fa."

Na ce, "Inna, ni fatalwa na doka."

Har yanzu ya hana ni wayarsa. Ku faɗa mini, wa zai ba wani haƙuri?