Na Buɗe, Amma Ban Amince Ba

Bayan rasuwar mahaifinmu, yayanmu ne ya karɓi ragamar gida. Yana aiki a Abuja, kuma ba ya son doguwar waya, a cewarsa maganar baki mantuwa take yi. Don haka duk abin da ya shafi gado ta imel yake aiko mana. Ni ina aikin jinya a Babura, ƙanwata tana aure a Roni, ƙannenmu maza suna Kazaure.

An raba komai lami lafiya sai gonar da ke hanyar Gwiwa. Wani mutum ya nuna yana so ya saya ya gina gidan mai, Yaya kuma ya ga dacewar a sayar. Ya aiko wa kowannenmu dogon saƙo, a ƙarshensa da wani shuɗin rubutu da za ka latsa ya kai ka inda za ka ce ka amince. Na karanta, na rufe. Ba na son a sayar, amma ban san ta yadda zan faɗa wa wanda ya ɗauki nauyin karatuna ba.

Da yamma ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, “Na ga kin buɗe saƙona da safe, kin sake komawa bayan azahar. Me ya hana ki amsa?”

Na ji kamar an ɗaga labulen ɗakina ba sallama. Na tambaye shi yadda ya sani, ya yi dariya ya yi mini bayani har da alfahari. Wai a cikin kowane saƙo akwai wani hoto ɗan mitsitsi da ido ba ya gani. Da zarar ka buɗe, wayarka za ta je ta ɗauko shi, shi kuma can ya ga wane ne da lokacin. Ya ce ya yi haka ne don kada wani ya ce bai gani ba. Na ce masa ina tunani tukuna, muka yi sallama a sanyaye.

Cikin makon ƙanwata ta kira, ta ce ta manta kalmar sirrin imel ɗinta, in tura mata saƙon da aka aiko mini ta imel ɗin mijinta ta ga abin da Yaya ya rubuta. Na tura. Ita dama tana son a sayar, kuma ban ga laifinta ba, rufin ɗakinsu yana yoyo.

Bayan Babbar Sallah muka haɗu a gidanmu na Kazaure. Baffa, ƙanin mahaifinmu, yana zaune a kan buzunsa a inuwar tsakar gida, mu kuma a tabarma. Yaya ya buɗe kwamfutarsa ya sanar cewa kowa ya amince, ƙanwata ce kawai ba ta amsa ba, ita ma ta gaya masa da baki cewa ta amince. Saura a kira mai saye.

Na ce ni ban amince ba.

Ya juyo da kwamfutar wajena. Ga adireshin imel ɗina ɓaro-ɓaro, a gefensa an rubuta na amince. Ƙannena suka sunkuyar da kai, don a ganinsu an kama ni da ƙarya. Ƙanwata ce ta ce a hankali ai ita ta latsa, a saƙon da na tura mata. Na ciro wayata na danne shuɗin rubutun da yatsa har dogon adireshin da ke ɓoye a ƙarƙashinsa ya bayyana. A wutsiyarsa ga imel ɗina a fili, ba a canza ko harafi ba. Ke nan duk wanda saƙon ya faɗa hannunsa zai san adireshina, kuma in ya latsa, ni ce na latsa.

Yaya ya ce wannan ƙaramin kuskure ne, za a gyara, kada in ɓata wa mutane lokaci. Na juya na fuskanci Baffa.

“Baffa, a gafarce ni. Na buɗe saƙon, na karanta, wannan gaskiya ne. Amma karatu daban, yarda daban. Ba wanda ya nemi izinina kafin a sa mini ido a waya, kuma ba wanda zai amsa da bakina. Kasona na gonar nan ba na sayarwa ba ne.”

Baffa bai san imel ba, bai kuma nemi a koya masa ba. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, kowa ya faɗi nasa da bakinsa. Sannan ya ce a auna a fitar mini da nawa, sauran su yi yadda suka so.

Haka aka yi. Mai saye ya ɗauki bakin titi, ni aka ba ni can baya inda ƙasar ta fi jigawa, kuma na san ba da rashin sani aka zaɓa mini wajen ba. Na karɓa. Da na koma Babura na bincika saitin imel ɗina har na gano inda ake hana hotuna buɗewa da kansu, na hana su. Na rubuta wa Yaya cewa ba zan ƙara latsa komai ba matuƙar adireshina yana rataye a jikinsa.

Bai amsa ba. Ya daɗe yana fushi, ko gaisuwata sai ta bakin matarsa. Da saƙonsa na gaba ya zo, kan gyaran katangar gida, na danne shuɗin rubutun na duba: haruffa ne da lambobi a cakuɗe, ba sunan kowa. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, wai wanda ya gani ya sanar da shi. Na bari sai da na gama aikina na huta, sannan na rubuta masa cewa na gani, kuma katangar gabas ta fi bukatar gyara.

Gonar tana hannun wani maƙwabcin mahaifinmu, yana noma mini gero da wake. Bana waken ya yi kyau. Na aika wa matar Yaya rabin buhu a motar Abuja, ta kira ta yi godiya, ina jin muryarsa a bayanta yana tambaya ko na gonar ne.