Wasiƙar da Kaka Oleta ta Ba da Aro

Kakata Oleta ta yi shekara talatin da huɗu tana dafa wa 'yan firamare abinci a ƙauyenmu, can cikin duwatsun gabashin Kentucky. Mace ce mai son rediyo, tana ɓarar wake yana kunne, tana guga yana kunne. Waƙa ɗaya ce tak idan aka sako za ta goge hannu ta je ta kashe shi: waƙar sojan nan da ke kwance a rami a Koriya yana tambayar wa ke kora alfadari bana a wurin matsar takanda. Kowa ya san ta, har a jana'izar tsofaffin sojoji ana rera ta, kuma a jikin faifan an rubuta cewa Verlon Tackett ne ya tsara ta. Verlon ɗan kawun Kaka ne.

Kaka tana da ƙane, Arlis. Duk watan Oktoba dangi kan taru a matse takanda, alfadari na zagaya injin, a dafa ruwan a doguwar tukunya har ya yi kauri ya zama maɗi. Arlis ne mai kwasar kumfa, shi ne kuma kaɗai alfadarin ke jin maganarsa. Gwamna suke kiran dabbar, don ba ya aiki sai an roƙe shi. A 1951 aka ɗauki Arlis soja yana ɗan shekara goma sha tara, aka tura shi yaƙin Koriya. Yakan rubuto wa mahaifiyarsu, amma wasiƙa ɗaya ce ya aiko wa Kaka ita kaɗai, baiti huɗu da fensir, yana tambayar Gwamna, yana tsokanarta cewa ita kullum sai ta ƙona maɗin. Wasiƙar ba ta cika wata biyu a gidan ba aka zo da labarin an kashe shi.

Lahadin ƙarshe ta watan Mayu mukan hau maƙabartar dangi, a nome ciyawa, a ƙara wa kaburbura ƙasa, a sa furannin takarda, a ci abinci a kan ciyawa, kowane sabon kabari a yi masa waƙa. Kaka ba ta da murya. Verlon ke da jita, kuma yana gida, don soja sun ga tafin ƙafarsa a shafe yake, sun ce bai dace da aikin ba, ya koma.

Ta kai masa wasiƙar ta ce, "Ka sa mata kiɗa. Amma kada ka ja ta kamar kukan saniya, yadda ka saba."

"Yaya Oleta, ke da ko a coci fasto ke roƙon ki riƙa motsa baki kawai?" Ya karanta wasiƙar. "Bar min ita kwana biyu."

Ba ta kwafa ba. A wajenmu idan ɗan'uwa ya ari abu, gatari ne ko alfadari, ba ka ajiye shaida, ba ka kuma tambayar yaushe zai dawo da shi. Tambayar kanta zagi ce. Ya rera waƙar a kan kabarin Arlis, maza suka riƙa kallon takalmansu. Kwana biyu suka zama shekara biyu, Verlon ya tafi Nashville, birnin mawaƙa, ita kuwa ba ta tambaya ba.

Tana yanka albasa a makaranta ta ji muryarsa a rediyo. Gwamna na nan, kumfa na nan, amma inda Arlis ya ce Oleta an sa sunan wata budurwa da ba a taɓa haifa ba. Mai gabatarwa ya ce Verlon ya rubuta ta ne da hawayensa don abokansa da ba su dawo ba.

Da Mayu ta zagayo sai ga shi a sabuwar mota, da riga mai aiki a kafaɗa. Kaka ta same shi yana cika faranti da soyayyar kaza.

"Ina wasiƙata?"

"Tana nan lafiya, Yaya. Ki ci abinci."

"Wane rami ka kwanta a Koriya, Verlon? Na bayan gidan uwarka?"

Ya rage murya. "Su can ba sa son waƙar mamaci, mai rai suke so wanda zai hau dandamali. Da ban sa sunana ba da tana cikin akwatinki asu na cinta. Yanzu duk Amurka na jin Arlis."

"Suna jin ka dai."

Abin da ya fi yi mata ciwo ba daga bakinsa ya fito ba. Mahaifinta ne ya kama hannunta ya ce, "Oleta, ba a tona asirin jini a kan kaburbura. Yaron ya fito da sunan ƙauyen nan, ki bar shi." Dangi suka roƙi Verlon ya rera, ya rera da sunan budurwar, a tsaye kusa da kan kabarin Arlis, aka tafa masa. Kaka ta ɗauki kwanonta ta sauko ita kaɗai.

Da mahaifiyarsu za ta rasu ta ce a sa mata wasiƙun Arlis a akwatin gawa, aka sa. Daga nan babu sauran rubutun hannunsa a bayan ƙasa sai wanda ke wurin Verlon. Kaka ta yi aure, ta haifi biyar, ta ciyar da 'ya'yan rabin gundumar, duk Kirsimeti kuma ta aika wa Verlon kati da layi ɗaya a ciki, na neman wasiƙarta. Bai taɓa amsawa ba.

Ina aji huɗu na sakandare Verlon ya mutu. 'Yarsa ta aiko da ambulan, ta ce ya bar wasiyya a ba Oleta. Ni na buɗe mata. Takardar ce, fensirin ya koɗe. An bi sama da almakashi an cire gaisuwar, an bi ƙasa an cire sa hannun, a baiti na uku kuma akwai ɗan rami mai kusurwa huɗu inda sunanta yake.

Duk da haka ta ce in kai ta ɗakin tarihin gunduma, inda suka ajiye jitar Verlon a gilashi. Ta ba matar da ke wurin labarin tun daga farko, a tsaye. Matar ta saurara da ladabi, ta ɗaga takardar a haske.

"Mama," in ji ta, "ba mu da yadda za mu tabbatar da wannan. Amma idan kin yarda za mu sa ta kusa da jitar, mu rubuta cewa rubutun Verlon ne na farko. Mutane za su ji daɗi."

Kaka ta miƙa hannu ta karɓi abarta, ta ninke ta a kan tsohon ninkin.

"Verlon da tawada yake rubutu," ta ce. "Zo mu tafi, 'yar nan."

Muka shiga mota muka kama hanya har muka wuce gada. Sannan ta ce in tsaya, ta ba ni baitukan da ka yadda Arlis ya rubuta su, ta sa na maimaita har sau uku, da sunanta a inda yake.