Akuyar da Ta Iya Gudu

A kasuwar Batsari, wajen da ake ɗaure awaki, tsoho Mati dillali yana kallon wata yarinya da bai san 'yar gidan wace ce ba. Doguwa ce, shekarunta ba su wuce goma sha biyar ba, yatsunta sun yi fari da alli irin na masu kaɗi. Ƙwaryar da ke kanta cike take da wuri. Kuɗin zaren rani guda ke nan, in ji zuciyar Mati.

Mai murjani yana ta kiranta, ko waiwaye. Ba ta duba hantsar awakin yadda kowa ke yi. Durƙusawa take tana murza musu ƙafafu.

"'Yata, ga mai ƙiba nan, tagwaye take haifa," in ji Mati. "Waccan siririyar ai barewa ce."

"Ita nake so, Baba. Sake ta mu gani."

Yana kwance igiya akuyar ta zabura, sai a bakin rijiya aka taro ta.

Mati yana duban tabon ƙaya a ƙaurin yarinyar. Ya san irinsa, na waɗanda suka haye dutse a guje ne ranar da mahara suka faɗo wa ƙauyuka.

"Bara tukunya guda na tara, na baro ta a ɗaki," ta ce, tana juye ƙwaryar a tabarmarsa. "Bana in an ce a gudu, abin da na tara da ƙafarsa zai biyo ni."