Kifin Teku a Falon Mama Jumai

Mama Jumai ba ta taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ta sani shi ne kogin Binuwai, shi ma ta tagar mota a kan gadar Makurɗi. Amma kifi kam ta san shi. Shekara goma sha huɗu tana kiwon tarwaɗa a manyan robobi a bayan gidanta da ke Akurba a garin Lafiya, masu gashin kifi suna zuwa da keke napep suna kwasa. Da mijinta Malam Ashafa ya rasu, gwiwarta kuma ta fara ƙin ɗaukar bokiti, sai ta rabu da robobin. Gidan ya rage ita kaɗai, ɗaki huɗu, uku a kulle.

Ɗanta ɗaya ne, Luqman, yana aiki a Jidda. Wata rana a waya ta ce masa gidan ya yi shiru, ko motsin kifi babu. Ita dai magana ce ta fito. Shi kuwa ya riƙe ta.

Bayan sati biyu, cikin zafin watan Maris, wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Direban, wani Ortese, ya ce saƙon Luqman ne daga wani shago a Abuja. Ya shigo da tankin gilas, da jarkokin ruwa, da buhun farin yashi, da wani gishiri a bokiti. Ya haɗa komai a falo, ya jona famfo da filta mai tace ruwa, sannan ya kwance leda ya saki kifi uku. Biyu launin ruwan lemo ne da ratsin fari, ɗaya shuɗi mai jela rawaya. Babu wanda ya kai tsawon yatsanta.

"Mama, na teku ne," in ji Ortese. "Ga abincinsu, ga lambar shago. Ni hanya zan kama."

Ta jawo kujera ta zauna gabansu har la'asar. Ta zuba musu abinci yadda ta saba zuba wa tarwaɗa, hannu a sake.

A kwana na uku ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Kifayen suka taru a sama suna buɗe baki. Ta kira Luqman sau biyu bai ɗauka ba, sai ta kira lambar shagon. Wata mata ce ta amsa, ta ce sunanta Francisca, a Akwanga ta girma, don haka suka juya Hausa.

"Mama, yaushe aka zuba ruwan?"

"Ranar Asabar."

"Kifin fa?"

"Shi ma ranar Asabar."

Francisca ta ce, "Kai, Mama, an yi kuskure. Sabon tanki sai ya yi kamar sati biyar babu kifi. Akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ke cinye dattin kifi. Yanzu naki babu su. Kashin kifin da ragowar abinci suna zama guba, shi suke shaƙa."

"To in juye ruwan duka in wanke?"

"A'a! Kar ki wanke komai. Kashi ɗaya cikin huɗu za ki riƙa canzawa kullum. Abinci kuma ɗan mitsitsi, yau a ba su, gobe a hana."

Ta sa ta binciko wani ƙaramin kwali cikin kayan. Kwalabe ne na gwaji. A ɗebi ruwan tanki, a ɗiga magani, a jira. In ya yi rawaya lafiya, in ya yi kore akwai guba. Na Mama Jumai ya fito kore shar.

Daga ranar rayuwarta ta koma ta tankin. Bayan sallar asuba ta gwada ruwa, ta ɗauki hotonsa ta tura wa Francisca. Ruwan rijiyarta bai yi ba, sai fiya wata take fasawa leda-leda cikin baho, ta auna gishirin, ta dama, ta bar shi ya kwana kafin ta zuba. In rana ta take falon ya ɗau zafi, sai ta sa gorar ruwa mai ƙanƙara ta yi ta yawo a saman tankin. In aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, ta tsaya da kofi tana ɗiba tana zubawa daga sama don iska ta shiga, wani lokacin awa biyu, gwiwar tana zafi.

Maƙwabciyarta Indo ta leƙo ta same ta a haka.

"Maman Luqman, wannan wahala duk a kan 'yan tsakin kifi? Yaushe za su kai na miya?"

"Ba a ci."

"To meye amfaninsu? In gishiri suke so, ina da na Keana rabin mudu."

Mama Jumai ta yi dariya ta ce nasu daban ne. Indo ta tuna mata bikin 'yar ƙanwar ita Indon a Doma, kwana biyu za a yi, an ajiye mata wuri a mota. Mama Jumai ta dubi tankin ta ce ba za ta samu zuwa ba. Indo ta ce to, ta fita. Bayan bikin ba ta ƙara leƙowa kamar da ba, sai dai gaisuwa ta kan katanga.

A kwana na tara shuɗin ya daina ci. Ya maƙale a bayan filta, launinsa ya dushe. Da hantsi ta same shi kwance a kan yashi. A da takan kwashe matattun tarwaɗa ashirin a rana ta zubar ko a jikinta. Wannan kuwa ta ɗora shi a tafin hannu ta daɗe tana kallo, sannan ta binne shi a gindin bishiyar gwaiba. Ta yi wa Luqman saƙon murya. Da yamma amsa ta zo a rubuce: "Ba komai Mama, sai a sayo wani."

Francisca ce ta kira. Ta yi mata jaje kamar mutum aka rasa, ta ce za ta ciro dutse daga tsohon tankin shagonsu, wanda ƙwayoyin suka riga suka zauna a jikinsa, ta ba direban motar Lafiya. Washegari Mama Jumai ta hau keke zuwa tasha, ta karɓo dutsen a jiƙe cikin kula, ta rungumo shi a cinya har gida.

Kiran safe ya fara tsawo. Daga maganar ruwa sai a gangara kan ciwon gwiwa, da mahaifiyar Francisca da ke kwance a Akwanga, da yadda Malam Ashafa yake son tuwon dawa da miyar karkashi. Wata ranar muryar Francisca ce kaɗai muryar da Mama Jumai za ta ji daga safe har magariba.

Koren ya yi ta raguwa. A sati na biyar ta ɗiga magani, ruwan ya tsaya rawaya. Ta sake gwadawa, rawaya. Kifaye biyun suna ta zagaya dutsen, suna rige-rigen abinci.

"Mama, kin yi ƙoƙari wallahi!" in ji Francisca. "Tankinki ya nuna. Yanzu canjin ruwa sati biyu sau ɗaya ya isa. Ba sai kin riƙa turo hoto kullum ba, sai in wani abu ya taso."

"To," in ji Mama Jumai. "Na gode, 'yata. Ki gaida mamanki."

Washegari bayan asuba ta gwada ruwan duk da haka. Rawaya ne. Ta ɗauki hoton, ta buɗe sunan Francisca, ta tsaya da yatsa a kan wayar. Babu abin da ya taso. Ta ajiye wayar a kan tebur, ta je ta ɗora ruwan shayi, kofi ɗaya.