Jar Tukunya a Bakin Ƙofa

Shekarar da babban ɗana ya sayi injin casar masara, sai ya haɗa da wata tsohuwar bas. Ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katifa, ya sa risho, ya jera jarkokin man injin. Da kaka ta yi, shi da abokin aikinsa suka shiga bin gonaki, yau Gozaki, jibi bayan Kafur, wani lokaci har Mahuta. Inda aiki ya tsayar da su, nan za su dafa, nan za su kwanta.

Ban taɓa son motar nan ba. Ƙofar baya ɗaure take da waya, ta gefe kaɗai ke buɗuwa. Ina tuƙa tuwo, hankalina na can: mutum kwance, fetur a wajen kansa, risho a wajen ƙafarsa, ɓawon masara ko'ina. Tuwona ya sha kamawa a kakar nan.

Ran da ya zo gida na faɗa masa. Ya yi dariya.

"Inna, ai akwai tukunyar kashe gobara."

"Nuna mini."

Sai da ya ɗaga buhuna, ya janye tayar safaya, kafin ya kai ga wani akwatin ƙarfe da kwaɗo a jikinsa. Makullin kuwa yana aljihun abokin nasa, shi kuma ya tafi kasuwa.

"Sace su ake yi, Inna. Kuma ni don jami'an da ke tare motoci a hanya na saye ta."

Na ce, "Madalla. In wuta ta tashi sai ka ce mata ta zauna ta sha ruwa, mai makulli na tafe."

Da yamma aka buɗe akwatin. Tukunyar ja ce, mai ɗan nauyi, da ƙarfen matsawa a kai. Na ɗauko igiya na saƙa mata ragaya irin wadda nake rataye ƙwaryar nono, na ɗaura a rufin motar daidai ƙofa. A ɗakina, abin da ke ragaya ko yaro bai taɓa turewa ba.

To, ɗaki ba ya tafiya. Da suka dawo, abokin ne ya fara shigowa gaishe ni, goshinsa ya yi ƙulu.

"Hajiya, tukunyarki ta riga wutar. Ramin farko muka faɗa ta gaishe ni."

Na leƙa motar. Sun kwance ta sun jefa ƙarƙashin kujera, tana ta gangare tsakanin sifana da jarka, fentin duk ya kwaile. Washegari da safe, suna ɗaura injin, na yafa mayafina na shiga na zauna kan katifar.

"Inna, mai gona na jiranmu."

"Ya jira. Ko a sama mata mazauni, ko a tafi da ni."

Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya kira kawunsa a waya. Kawun ya ce da shi, "Yayar tawa ce? Ka tayar da mota kawai."

Haka muka tafi Malumfashi wajen mai walda. Mai waldan yana ta son ya manna ta kusa da risho, wai nan wuta ke tashi. Na ce wa zai miƙa hannu cikin wuta ya ɗauko? Ya koma jikin gilashi, na ce rana za ta dafa ta. A ƙarshe ya yi mata gindi da ɗamarar ƙarfe a gefen ƙofa, tsaye, ɗan yatsa ɗaya ke ɓalle ɗamarar. Na girgiza ta da hannu biyu, ko motsi.

Na sa ɗan nawa ya kwanta kan katifa, gaban yaran mai walda suna ta dariya.

"Rufe idonka. Ɗauko ta."

Ya lalubo, ya ɓalle, ya miƙo mini.

"Shi ke nan, Inna? Mu tafi?"

Na sauka. Suka sa ni a babur, su kuma suka kama hanyar Kafur. Mun kusa fita gari sai na tuna wani abu. Na ga ya ɗauko ta, amma ban taɓa ganin ya matsa ta ba, ban kuma tambaye shi ko ya iya ba.

Na taɓa kafaɗar mai babur.

"Yaro, juya. Bi bas ɗin can."