Abu na Tara a Ɗamarar Baba Tsoho

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar wata Asabar, aka buɗe akwatin kakana, Baba Tsoho. Na san lokacin domin ina zaune a zaure ina aikin lissafi, agogon bango yana gabana. Shekaruna goma sha uku. Kwana arba'in ke nan da rasuwarsa, an gama sadaka, baƙin unguwannin Tokoin da Hanoukopé na nan Lome sun watse. Damina ce, iskar teku ta jiƙa komai, warin tsohuwar fata da funfuna ya cika gidan.

Bindigarsa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tana rataye a ɗakin Baba Tsoho tun kafin a haife ni, doguwa, gindinta a lanƙwashe, an lilliƙa masa farin ɓawon kifin teku. Ya same ta a hannun wani ɗan Afganistan lokacin da ya je Makka ta ƙasa yana saurayi. Ba a taɓa harba ta a Lome ba. Abin da ba mu taɓa gani ba shi ne ɗamarar da ke cikin akwati: fata mai faɗi, baƙa, an rataya mata abubuwa tara.

Ƙanin mahaifina, Baba Ƙarami, shi ya ɗaga ta da yatsu biyu. Bai daɗe da dawowa daga karatun addini ba.

"Layu ne," in ji shi. "Allah Ya gafarta wa tsoho. Ranar Juma'a zan ƙona su a ƙofar gida, kowa ya gani ya ɗauki darasi."

Mahaifina yana Kwatano a lokacin. Kakata, Iya, tana takaba a bayan labule. Ni kuwa na san abin da ƙonawar za ta haifar. A Zango, in aka ƙona kayan mamaci a ƙofar gida, sunan da zai bi shi ke nan. Mutumin da ya yi shekaru yana kiran sallar asuba zai koma "mai layun nan".

Ban cika magana ba a wancan lokacin, har yanzu ma. Amma na ji bakina ya ce, "Baba, wannan ƙaho ne, ba laya ba."

Ya dube ni kamar ya ga kujera ta yi magana.

"Bon, to. 'Yar boko. Ki faɗa min aikin kowanne kafin Juma'a. In ɗaya ya gagare ki, duka za su shiga wuta."

Na zana su a littafin makaranta, na auna kowanne da rula, na sa masa lamba. Matan gidan suka taya ni da abin da suka sani. Gwaggo ta rantse cewa ƙaramin tulun tagullar tandun kwalli ne. Matar Baba Ƙarami ta ce dogon tsinken na tsagar kitso ne, abin da ya yi kama da awartaki kuma na cire haƙori. Na rubuta duka da fensir, domin ban yarda ba.

Da yau ne, sai in ɗauki hoto da waya, in sami amsa kafin shayi ya huce. A lokacin sai dai mutum ya nemi tsoho. Akwai wani maƙeri a bayan kasuwar shanu, mutumin Nijar, wanda mafarauta daga ƙauyuka suke kawo wa bindigoginsu gyara. Na yi kwana biyu ina wucewa ta gaban maƙerarsa ban iya yin sallama ba. Ranar Talata na shiga, na miƙa masa littafin.

Ya juya shi sama, ya juya ƙasa.

"Jikata, ni ba na sansanar takarda. Kawo abin."

Washegari na ɗauko ɗamarar a ƙarƙashin hijabi. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Bai yi sauri ba. Ya buɗe babban ƙahon ya sa hanci, ya ce na albarushi ne. Tandun kwallin Gwaggo ma na albarushi ne, amma mai laushi, wanda ake barbaɗawa a ɗan kaskon da ke gefen bindiga don ya kama wuta da wuri in dutsen ƙanƙara ya ƙyasta. Ya nuna min wani ɗan bututu ya ce mudu ne, cikinsa ɗaya harbi ɗaya, wanda ya ƙara kuma ya yi bankwana da yatsunsa. Ya ɗaga hannunsa na hagu don in gani. Yatsu uku ne.

Awartakin ya buɗe shi, ga rami zagayayye a ciki. Nan ake zuba narkakkiyar dalma ta fito harsashi. Tsinken na share ƙaramar kafar da wuta ke bi ne in toka ta toshe ta. Ya yi dariya sosai da na faɗa masa maganar kitso. Akwai 'yar guduma mai baki biyu, ɗaya na feƙe ƙanƙara, ɗaya na juya ƙusa. Akwai ƙyastu, ƙarfen ƙyasta wuta. Akwai jaka mai murfi, da harsasai huɗu a ciki, sun yi fari saboda tsufa.

Takwas ke nan. Na goge fensir na rubuta da biro.

Na tara 'yar jaka ce ja, girman kwalin ashana, an ɗinke ta ta ko'ina. Ya latsa ta, ya sansana, ya duba ɗinkin a haske.

"Sauran aikin can ne, ƙasar duwatsu inda aka ƙera bindigar. Wannan ɗinkin namu ne."

"To mene ne aikinta, Baba?"

"Ba na bindiga ba ce. Iyakar sanina ke nan."

Da na fito, na tsaya a bakin titi, 'yan zemijan masu hayar babur suna ta yi min ham. Na san zan iya rubuta "jakar ƙanƙara" a lamba ta tara, Baba Ƙarami ba zai gane ba. Na buɗe littafin har na ɗora biro. Na kasa. Ba tsoron Allah ba ne kaɗai, gaskiya, ba na son rubuta abin da ban tabbatar ba. Ranar Alhamis na tambayi Iya ta bayan labule. Carbi kawai na ji yana motsi.

Bayan sallar Juma'a Baba Ƙarami ya sa aka hura gawayi a ƙofar gida. Maƙwabta sun fara leƙowa. Ya zauna a tsakar gida, ɗamarar a kan tabarma. Na karanta takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, ina nuna yadda kowanne yake aiki. Bai katse ni ba. A wurin awartakin har ya karɓa ya leƙa ramin.

"Na tara fa?"

"Ban sani ba."

Ya miƙa hannu zai naɗe ɗamarar. Ni kuma na juya wajen labulen, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi a gidan ba.

"Iya, don Allah, mene ne wannan?"

Carbin ya tsaya.

"Laya ce," in ji ta. "Tawa ce, ba tasa ba. Ni na biya malami ya rubuta, na ɗinka ta a nan ban gaya masa ba, don ƙafarsa ta zauna a gida ya daina bin hanya. Bayan nan ya je Kumasi, ya je Agadas, ya je Fotlami sau biyu. Yanke ta ki ba babanki ya ƙona, ba ta taɓa yin aiki ba. Sauran kuma ku mayar wa mijina cikin akwatinsa."