Latifa Mai Awon Inuwa

Wanda duk ya zauna Tawa a 'yan shekarun nan ya taɓa ganin wata doguwar mace a bayan babur ɗin kabu-kabu, da igiyar awo rataye a wuya, da bokitin toka a kan cinya. Baƙo yakan ɗauka mai sayar da sabulun gargajiya ce. Latifa ce, mai shafin intanet ɗin nan na Inuwar Gida, wadda magina ba sa son a haƙa tushe sai ta zo ta gani. Amma kafin ta kai nan ta sha kunya, irin wadda ba a fatan ko maƙiyi ya sha.

A Kalfu aka haife ta. Tun tana 'yar shekara bakwai ta addabi ɗakin uwarta, Inna Kaltumi: yau gado gabas, gobe yamma, jibi an jera kwanoni daga babba zuwa ƙarami. Inna takan ce da ɗaki yana da baki, da ya kai ƙarar yarinyar nan wajen mai gari. Ta yi lakkwal, wato firamare, a ƙauye, ta yi lise, wato sakandare, a Tawa, ta je Yamai ta koyo aikin na'ura, ta dawo ta zama sakatariya a wani ofis. Yayanta Muktari kuwa, kamar rabin samarin yankinsu na Adar, yana Abija yana nema. Duk zuwan da zai yi sai ya kawo mata mujallu masu hotunan gidajen bakin teku, ita kuma ta zauna tana kallo har miya ta ƙone.

Daga waɗannan hotuna ta buɗe shafinta na farko, ta sa masa suna Gidan Zamani. Tana rubutu da Hausa da Faransanci a kan labule, da fenti, da yadda ake jera kujeru. Matan ma'aikata suka yi ca a kanta. Kai ya ɗan kumbura, kuma ba a ga laifinta ba.

Ana nan sai gwiwoyin Inna suka fara ciwo, likita ya ce a riƙa kawo ta kowane wata. Muktari ya sayi fili a sabuwar unguwa, ya kira ƙanwarsa a waya.

"Ke da ka koya ma duniya yadda aka gida, ga hili nan. Ki tsara ma Inna wanda za ta zamna kusa ga likita."

Latifa ta zage damtse. Ta sa katafariyar tagar gilashi tana duban yamma. Ta shimfiɗa karo, wato tayil mai santsi, tun daga ƙofar waje har ƙuryar ɗaki, tsakar gida ma ba ta tsira ba. Madafa ta shiga cikin falo, aka rufa da kwano, aka ja katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe. Ranar tarewa ta ɗauki hotuna ta zuba a shafi, yabo ya yi ta zuwa har daga ƙasashen waje.

Kwana tara Inna ta yi. Ran na goma ta ɗaure kayanta.

"Ya yi kyau ƙwarai, Allah shi yi muku albarka," in ji ta. "Awakina dai nika tunani."

Uwa ba ta kushe kyautar 'ya'yanta, saboda haka a bakin maƙwabta Latifa ta ji sauran. Ranar farko Inna ta aza turmi za ta yi dakan fura, karo ya tsage a ƙarƙashi, ta rufe wurin da tabarma don kunya, ba ta sake daka ba. Da azahar ta wuce, rana ta shigo ta gilashi, ɗaki ya koma tanda. In ta fito waje babu inuwa ko ta tsugunawa, karo kuma yana gasa ƙafa. Ga katanga ta hana ta ganin kowa, balle a yi gaisuwa. Kafin mako ya zagayo magana ta kai kasuwa: mai koya wa mutane gyaran gida, uwarta ta gudu daga nata.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ba dariyar mutane ce ta fi cin ta ba, a'a, ganin tsohuwa kowane wata a matse cikin motar haya, ana jijjiga mata gwiwoyi daga Kalfu zuwa Tawa, alhali ga gida nan a kulle. Wata huɗu ba ta rubuta ko harafi ba.

Da bazara ta ɗauki hutu ta tafi Kalfu. Can ta tarar da Malam Tanimu, tsohon maginin da ke yaɓe rumbunan garin tun kafin a haife ta, yana gyaran katangar Inna. Ta nuna masa hoton gidan a waya, tana neman ko mutum ɗaya da zai ce tsohuwa ce mai rigima. Ya karkata kai ya duba, ya daɗe.

"Da la'asar, ina tsohuwa ka zama?"

Latifa ta sake duban hoton.

"Mu ba mu aza tubali sai mun yini ga hili," ya ce, ya koma kan lakarsa. "Rana ita ka cewa ga inda ɗaki za shi tsaya. Ke kuwa, ɗiyata, hoto kinka tambaya."

Washegari da asuba ta debi toka a murhu. Duk lokacin da inuwa ta gusa sai ta ja layi a ƙasa, ta rubuta lokacin a littafi. Nan ta ga abin da ta tashi a cikinsa amma ba ta taɓa lura ba: Inna bin inuwa take yi. Da safe daka a yammacin ɗaki, da tsakar rana ƙarƙashin rumfa, da la'asar gindin katangar yamma tana ɓarar wake, maƙwabta suna miƙo kai ta inda katangar ta yi ƙasa, wannan ta roƙi wuta, waccan ta kawo labari. Kafin magariba tsakar gida ta cika da fararen layukan toka.

"Wanga kuma wane irin tsahi na?" in ji Inna. "In kin ƙare, ki share mini gidana."

Da ta koma Tawa ta yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Ta rubuta dogon bayani mai suna Yadda Na Kori Uwata da Gida Mai Kyau, ba ta ɓoye komai ba. Ta sauya wa shafin suna zuwa Inuwar Gida. Masu son labule da yawa suka watse, suna cewa Latifa ta koma tallan laka. Amma wasu suka maye gurbinsu. Saƙonni suka fara shigowa daga Abija, da Libiya, da Ikko, duk magana ɗaya: ni ma na gina wa tsohona, ga shi can yana kwana a bukka gefen ginin. Ashe mai ɗaki ne kaɗai ya san inda yake masa yoyo, su kuwa 'yan nema suna ta gini daga nesa.

Ta fara ɗaukar murya saboda waɗanda ba su yi karatu ba. Ta bar aikin ofis. Ta shiga Affala da ƙauyukan arewa, ta auna kaurin bango, ta tambayi mata inda suke son murhu. Dokarta ɗaya ce: ba ta zana wa kowa gida sai ta yini a filin da tokarta, tare da wanda zai zauna a ciki. Ɗalibai masu koyon zanen gini suka riƙa zuwa daga Yamai, ta sa su tsugunne cikin rana suna jan layi, ba ta saurara wa kowa.

Duk da haka in an yabe ta sai ta ji ɗaci, don Inna na nan Kalfu, gwiwa kuma sai ƙara tsananta take. Shekara huɗu bayan tarewar farko ta kira Muktari ta faɗa masa abin da take so ta yi.

"Karo ɗin duka za ki hwasa?" ya ce da ƙarfi.

"Yaya, shekara huɗu ƙadangaru ka morar shi."

Sai ya ce, "Yi abin da kinka gani."

Ta ɗauko Malam Tanimu. Aka ɓalle karon tsakar gida aka zuba rairayi. Aka toshe tagar yamma da tubali, aka huda ƙanana can sama, aka yi rufin ƙasa. Madafa ta fito waje, aka kafa rumfar zana, aka gina zaure. Da yardar maƙwabciya Mariama aka fasa 'yar ƙofa tsakanin gidajen biyu. Wannan karon ba ta ɗauki hoto ko ɗaya ba. Ta jira ranar ganin likita, ta ce wa Inna su biya gidan ta huta kafin mota ta cika.

Tsohuwa ta zagaya a hankali da sandarta. Ta shafa bango, ta leƙa madafa, ta zauna gindin katanga. Mariama ta leƙo ta 'yar ƙofa, aka kama gaisuwa, mota ta tafi ta bar su. Kwana ɗaya, mako, wata biyu. Amma ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba, ƙullin kayanta kuma yana nan bayan ƙofa ba ta kwance shi duka ba. Latifa ta kasa tambaya.

Bayan kaka aka yi haihuwa a dangi, suka tafi Kalfu suna. An share wa Inna tsohon ɗakinta, ƙawayenta sun kewaye ta, ana ta shewa. Latifa ta zauna gefe, ta riga ta sallama cewa ita kaɗai za ta koma. Ana idar da la'asar sai Inna ta dafa sanda ta miƙe, ta gyara lulluɓi.

"Latifa, nemo muna mota. Mu tahi gida tun da rana."

Wata tsohuwa ta riƙe haɓa. "Wane gida kuma, Kaltumi? Ba ga ki gida ba?"

"Tawa mana," in ji Inna. "Wanda ɗiyata tag gina mini."

Latifa ta tashi ta fita da sauri don kada a ga hawayenta. Sai da ta kai tasha ta lura ba ta sa takalmi ba.